Makarantar da Muke Zaɓa wa 'Ya'yanmu, da Wadda Muka Bar wa 'Ya'yan Wasu

A Kano ko Kaduna ko Sakkwato, wanda ke son sanin nauyin aljihunka ba sai ya tambayi albashinka ba. Cewa zai yi, "Wai su Abba a ina suke karatu ne?" Kana faɗin sunan makarantar ya gama lissafi. In ka ambaci irin waɗanda motoci ke cushe titinsu da bakwai da rabi na safe, sai ya gyara zama ya ƙara maka girma. In kuwa ka ce firamaren unguwa, sai ya ce, "To, Allah ya taimaka," da muryar da ake yi wa mai jinya sannu. Ba zai tambaya ko yaron ya iya karatu ba, kai ma ba za ka kawo zancen ba.

Tsoron wannan tambaya ne ke jefa magidanta da yawa cikin halin da suke shiga duk watan Satumba. Maigida ya ci bashi a ofis, uwargida ta roƙi a ba ta kwasar adashi kafin zagayenta, a sayar da tunkiyar da ake kiwo don wata lalura, duk don kada a ji an cire yara daga makaranta kaza an mayar da su wadda ba ta kai ta ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin makaranta ke hawa, kuɗin ɗan sahun da aka yi jinga da shi yana biye. Ga yunifom kala uku da tilas a makarantar za a saya, ga littattafan da ake rubutu a cikinsu don kada ƙane ya gaji na wa, ga kuɗin bikin yaye 'yan ajin raino waɗanda ba su gama sanin haruffa ba amma an kifa musu hular masu digiri. Ban ga laifin wanda ya ƙuntata wa kansa don ilimin ɗansa ba, Allah ya ba shi ladan. Tambayata ita ce, cikin wannan wahalar, nawa ce don yaron, nawa ce don idon mutane?

Na taɓa raka wani abokina duba wata makarantar kuɗi da aka yi masa tallarta. Gidan haya ne aka mayar makaranta: falo aji ɗaya, garejin mota aji biyu, sauran azuzuwan suna ɗakunan kwana. Katanga ta sha fenti, an zana mata zaki da tuffa da jirgin sama. Mai makarantar ya tarbe mu da fara'a, ya kai mu ɗakin kwamfuta, na ga an lulluɓe kwamfutocin da leda, ƙura ta kwanta a kan ledar. Abokina ya tambayi kuɗin zango, ya nemi ragi tunda yara uku zai kawo, sannan ya zo kan abin da ya fi damunsa: "Ana barin su suna Hausa?" Aka ce masa duk wanda aka kama yana Hausa tara ake cin sa. Nan take fuskarsa ta washe. Bai nemi ganin malami ko ɗaya ba, bai buɗe littafin rubutun yaro ko ɗaya ba. Da za mu fita na tsayar da wata yarinya 'yar aji huɗu, na ce ta karanta mini shafin da suke kai. Ta karanta tsaf, babu gargada, da Turanci mai daɗin ji. Na ce, "Madalla 'yata, to faɗa mini da Hausa, me labarin yake cewa?" Ta dubi shafin, ta dube ni, ta sunkuyar da kai.

Ba raina Turanci nake ba. Da shi ake rubuta WAEC da JAMB, da shi ake neman aiki, uban da ya hana ɗansa shi ya cuce shi. Amma iya furta kalma daban, gane abin da take nufi daban. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka gwada koyar da yara darussan firamare da Yarbanci har shekara shida, Turanci kuma aka bar shi a matsayin darasi mai zaman kansa. Yaran ba su gaza a Turancin ba, kuma sun fi takwarorinsu gane sauran darussa. An haura shekara hamsin da wannan gwaji, mu kuwa har yau kuɗi muke biya a ci tarar yaro don ya kira ruwa da sunan da uwarsa ta koya masa.

Wannan ma mai sauƙi ne. Akwai tambayar da ake yi da murya ƙasa-ƙasa bayan an turo ƙofar ofis: "Malam, a nan ana ɗan taimaka musu lokacin jarrabawa?" Kowa ya san irin taimakon. Yaro ya yi shekara biyar a makaranta mai tsauri, yana shiga ajin ƙarshe sai a ɗauke shi a kai shi wata can bayan gari, inda ba a taɓa jin wani ya faɗi Lissafi ba. A biya kuɗin rajista, a biya wani kuɗin da ba a ba da rasit a kansa, ranar jarrabawa a rubuta amsa a allo, mai sa ido yana waje yana shan lemo. Uban da ya biya wannan kuɗi shi ne zai zabga wa yaron mari in ya zari naira ɗari biyar daga aljihun rigarsa, shi ne kuma zai tsare shi da la'asar ya ce ya tashi ya tafi Islamiyya. Yaron ba wawa ba ne, yana gani. Abin da ya koya shi ne sata tana halatta muddin babba ne ya shirya ta, kuma gaskiya abu ce da ake haddacewa a gaban malam, a ajiye ta in an zo wurin da ake buƙatarta. Akwai dokar hana maguɗin jarrabawa tun 1999, har da hukuncin ɗauri, kuma kowace shekara WAEC da NECO suna riƙe sakamako suna hukunta makarantu. Kasuwar ba ta mutu ba saboda masu saye ba su ragu ba, mu ne kuwa masu sayen. Wanda aka saya wa kiredit tara yau, gobe shi ne zai riƙe sirinji a asibitin da za a kai ka, ko ya riƙe alli a ajin jikanka.

Kada a ce na ɗora wa iyaye laifin duka. Abin da ya koro ɓera daga rami ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi. A takarda dai makarantar gwamnati ba ta da na biyu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas, har ta tanadi tara ko ɗauri ga uban da ya ƙi sa ɗansa. Ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya, da sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa, sai ga shi biliyoyin naira sukan yi shekaru a ajiye saboda gwamnoni ba su kawo nasun ba. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun makin da aka gindaya. An yi ta jayayya kan yadda aka shirya jarrabawar, ƙungiyar malamai har yajin aiki ta yi, amma duk wanda ya ga hotunan takardun amsar nan jikinsa ya yi sanyi. A Kano an ayyana ilimi kyauta kuma tilas a 2019, a 2024 kuma aka kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimin, wato gwamnati da bakinta ta yarda cewa gyara bai samu ba. To matar da ke suyar ƙosai, ta ga ɗanta ya kai aji biyar yana zaune a ƙasa cikin yara sama da ɗari, sunansa ma bai iya rubutawa ba, ta cire shi ta kai shi wata ƙaramar makarantar kuɗi a lungu, wannan ba gasa take yi da kowa ba. Ba mu kaɗai ba ne: ƙidayar da aka yi a Legas a zangon karatu na 2010 zuwa 2011 ta gano makarantun kuɗi sama da 12,000, da yawansu na talakawa ne, akasari ma ba su da rajista.

Sai kuma tsaro ya zo ya ƙara ƙuntata zaɓin. Bayan Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a Disambar 2020, da Jangebe a Fabrairun 2021, da Kuriga a Maris ɗin 2024, wa zai ga laifin uwar da ta rantse 'yarta ba za ta kwana a makaranta ba? Makarantar kwana kuwa ita ce a da take ɗauko ɗan ƙauye ta haɗa shi da malamai na gari. Sai dai kuɗi ma ba ya sayen aminci. A watan Yulin 2024 ginin wata makarantar kuɗi ya rufta a Jos, mutum 22 suka rasu, akasarinsu ɗalibai. A Kano kuwa ba a manta da yarinyar nan 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace ya kashe ba, wanda kotu ta yanke wa hukuncin kisa a 2022. Iyayen waɗannan yara duk kuɗi suka biya, da kyakkyawar niyya, wanda ya kamata ya duba musu ginin da kuma mai makarantar shi ne bai duba ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muka zo nan. A zamanin kakanninmu kamun 'yan makaranta ake yi. A ce hakimi ya kawo yara kaza, iyaye su ɓoye nasu a rumbu, wasu masu hali su tura ɗan bara a madadin ɗan cikinsu. Waɗanda aka kama ɗin su suka zo suka riƙe ƙasa. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda ta zama Barewa, ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna da Shagari da Gowon da Murtala da Umaru 'Yar'aduwa. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka buɗe a 1977 sun cika asibitoci da jami'o'in ƙasar nan da likitoci da injiniyoyi, da yawansu 'ya'yan manoma da 'yan tireda, jarrabawa ce kawai ta kai su. A irin waɗannan makarantu ɗan kwamishina da ɗan mai faskare kwano ɗaya suke ci. In miya ta lalace kwamishina zai ji a hutu, in malamin Lissafi ya daina zuwa maganar za ta kai ma'aikatar ilimi kafin zango ya ƙare.

Yau waɗanda suka ci wannan gajiya su ne daraktoci da manyan sakatarori da 'yan majalisa, kuma 'ya'yansu suna Abuja ko Ingila ko Masar ko Dubai. Kowannensu yana da hujja, hujjar kuma gaskiya ce: ba zan yi gwaji da rayuwar ɗana ba. Amma da kowa ya zare nasa ɗaya bayan ɗaya, makarantar gwamnati ta rasa masu baki. Rufi ya yaye, babu uban da ke da lambar wayar shugaban ƙaramar hukuma. Malami ya yi wata bai leƙo aji ba, iyayen da suka rage suna gona ko kasuwa, in ma sun je ofis ba za a ba su kujera ba. Har hedimastan kansa, in ka bincika, nasa yaran suna makarantar kuɗi. Ɗan majalisar wakilai Sergius Ogun daga jihar Edo ya kai ƙudurin da zai taƙaita wa masu riƙe da muƙaman gwamnati tura 'ya'yansu karatu waje, abokan aikinsa suka yi fatali da shi a 2022. Gwamnan Kaduna na lokacin, Nasiru El-Rufa'i, ya sa ɗansa a makarantar gwamnati ta Kaduna Capital School a 2019, daga baya ya cire shi saboda barazanar masu garkuwa da mutane. Ko me mutum zai ce game da siyasarsa, abin lura shi ne gwamna ya kai ɗansa makarantar da gwamnatinsa ke gudanarwa sai abin ya zama labarin da jaridu suka yi ta bugawa.

Wasu masana a nan sun fara cewa tunda haka ne, gwamnati ta daina wahalar da kanta, ta ba iyaye kuɗin su kai 'ya'yansu inda suke so. Ra'ayin ya samo asali ne daga Amurka, inda masanin tattalin arziki Milton Friedman ya kawo shi a 1955: kuɗi ya bi yaro, makarantu su yi gasar neman ɗalibai, wadda ba ta da kyau ta mutu da kanta. Birnin Milwaukee ya fara aiki da shi ga 'ya'yan talakawa a 1990, jihar Arizona kuma ta buɗe shi ga kowane ɗalibi a 2022, har yau Amurkawa suna ta cacar baki a kai. Ƙasar da ta fi kowa nisa a wannan hanya ita ce Chile, wadda ta fara a 1981. Cikin shekara talatin da 'yan kai ɗaliban makarantun gwamnati suka ragu daga kusan kashi 80 cikin 100 zuwa ƙasa da 40. Makarantun kuɗi masu karɓar tallafi suka riƙa ƙara nasu kuɗin a kai, suna kuma tace waɗanda za su ɗauka, har ya zama makaranta ce ke zaɓar yaro. Ɗalibai suka cika tituna da zanga-zanga a 2006 da 2011, a 2015 aka yi dokar da ta hana makarantun da ke cin kuɗin gwamnati neman riba da ƙarin kuɗi da tace ɗalibai.

Ni ban ga wannan tsari zai fisshe mu ba. Ƙauyen da ke da firamare ɗaya tak, ta biyu sai an yi tafiyar awa guda a ƙafa, wane zaɓi kuɗin da za a ba iyaye zai ba mutanensa? Kuma ƙasar da har yau ake tono ma'aikatan bogi a takardar albashi, ranar da aka ce za a biya makaranta bisa yawan ɗalibai, ranar za a haifi ɗaliban bogi, kowane mai faɗa-a-ji ya buɗe makaranta da sunan matarsa. Abin da Indiya ta yi ya fi kama hankalina. Dokarsu ta 2009 ta wajabta wa makarantun kuɗi ware kashi 25 cikin 100 na gurabun ajin farko ga 'ya'yan marasa ƙarfi, gwamnati ta biya musu. Su ma suna kuka da jinkirin biya, amma dai ɗan mai gadi yana zama benci ɗaya da ɗan mai gida. Kafin ma a kai can, akwai abin da ba ya cin kuɗi: kowace jiha ta wallafa sunayen makarantun da ke da rajista, da yawan malamansu masu NCE ko digiri, da ranar ƙarshe da aka duba gininsu, a karanta a rediyo da Hausa. Uban da ya san wannan ba zai tsaya kallon zanen zaki a katanga ba.

Akwai kuma zaɓin da ake yi a cikin gida, wanda ba ruwan gwamna ko majalisa. Maza a kai su makarantar kuɗi, mata a ce su lallaɓa a ta gwamnati tunda "gidan wani za su." 'Ya'yan mowa a mota, 'ya'yan bora a ƙafa. Maraya ɗan ƙanen maigida, wanda aka karɓo ranar sadakar bakwai ana ta alkawari, shi ne a makarantar da babu benci. Irin wannan bambanci yara ba sa manta shi, shi ne ke fitowa a rabon gado bayan shekara talatin. Mafi muni ita ce yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye aikatau, 'yar shekara tara ko goma. Ita ke tashi da asuba ta dafa ruwan wanka, ta goge yunifom, ta zuba abinci a kula, ta ɗauki jakar 'yar masu gida har bakin mota, sannan ta dawo ta hau wanke-wanke. Idan UNICEF ta ce yara miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mukan ɗauka almajiran kan titi ake nufi da 'ya'yan makiyaya a daji. Wasunsu a ɗakin girkinmu suke kwana, a gidajen da ake biyan dubban ɗaruruwa kowane zango.

Ban ce kowa ya kwashe 'ya'yansa ya mayar makarantar gwamnati gobe ba. Amanar ɗanka tana wuyanka, kai za a tambaya. In za ka zaɓa masa makaranta, ka wuce ofis ka shiga aji. Ka nemi a bar ka ka zauna a baya ka ji darasi guda. Ka karɓi littafin wani yaro ka ga ko ana duba aikinsa da jan biro ko kuwa sa hannu kawai ake yi. Ka tambayi malami shekararsa nawa a wurin, domin makarantar da ke sauya malamai duk zango albashi ne ba ta biya. Da yawa ba sa ba malami ko mafi ƙarancin albashin nan na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, mai jin yunwa kuwa ba ya koyarwa. Ka leƙa banɗaki. In aka yi maka alkawarin cewa a nan ba a faɗuwa jarrabawa, ka kama hannun ɗanka ku fita.

Bayan ka gama da naka, firamaren unguwarku tana nan inda ka bar ta, wataƙila ma ita ta koya maka baƙi da wasali. Tana da kwamitin al'umma mai kula da ita, kuma ba a ce sai mai ɗa a ciki zai shiga ba. Kai da ke da lambar kansila da ta sakataren ilimi, zamanka a taronsu sau ɗaya a zango ya fi buhun alli amfani. Hajiya, ke kuma yarinyar nan da ke ɗaukar wa 'yarki jaka, ranar Litinin ki sa a kai ta a rubuta sunanta. Abin da za a nema a wurinki bai wuce yunifom da littattafan rubutu ba.